Yabo Ba Ya Biyan Kuɗin Asibiti



Dala 500 kowane wata. Kuɗin da mawaƙin Amurka Vic Chesnutt yake zubawa ke nan na inshorar lafiya a ƙarshen rayuwarsa. Dala 500, wata ya kama, wata ya mutu, amma inshorar nan ba ta saya masa ƙwayar magani ko ɗaya, ba ta biya masa kuɗin ganin likita. Kwanciya a gadon asibiti kaɗai ta sani. Duk da haka bashin asibiti na kusan dala 50,000 yana wuyansa, ga tiyatar da ya shekara yana ɗagawa saboda babu abin biya. Shi da bakinsa ya faɗi haka a hirar da gidan rediyon NPR ya watsa a farkon watan Disamban 2009. Ranar 25 ga wannan wata ya rasu, yana da shekara 45.

Na san wani zai ce, ina ruwanmu da wani Bature mai kaɗa jita a jihar Jojiya? A ƙara haƙuri, a saurara. Kafin in rufe baki za a ga ruwan namu.

An haifi Chesnutt a 1964 a birnin Jacksonville na jihar Fulorida, wasu ma'aurata suka ɗauki riƙonsa, ya tashi a wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Zebulon a Jojiya. Tun yana ɗan shekara biyar yake harhaɗa waƙa. A 1983, yana da shekara 18, ya yi hatsarin mota ya karye a wuya. Daga ranar nan rayuwarsa ta koma kan keken guragu. Hannuwan ma da kyar suke motsi, yatsun sun daina bin umarni.

Ga mai kaɗa jita, wannan ai ƙarshen zance ke nan. Shi kuwa sai ya sa aka manna masa ɗan tsinken robar da ake kaɗa tsirkiya da gam a jikin safar hannu, ya koma koyon kiɗa daga farko. Da ya ga yatsunsa ba za su iya salo mai sarƙaƙiya ba, sai ya ɗora nauyin waƙar kan kalmomi. Ya duƙufa karanta rubutattun waƙoƙin su Emily Dickinson da Walt Whitman da W. H. Auden da Stevie Smith. Abin da ya fito daga wannan karatu shi ne waƙa mai ɗaci da ban dariya a lokaci guda, murya a tsattsage, yana jan kalma ɗaya har sai ta rabe gida uku. Ba ya neman a tausaya masa. Yakan yi wa kansa ba'a kafin wani ya yi masa.

A tsakiyar shekarun 1980 ya koma Athens, wato ta jihar Jojiya, garin ɗaliban jami'a da makaɗan rok masu cin gashin kansu. Yana wasa mako-mako a wani gidan kiɗa mai suna 40 Watt, a nan Michael Stipe na ƙungiyar R.E.M. ya ji shi, ya ja shi ɗakin ɗaukar sauti. A yini ɗaya aka naɗi faifansa na farko, Little, wanda ya fito a 1990. Stipe ne ya sake tsaya masa a na biyu, West of Rome. Kafin ya bar duniya ya fitar da faifai 17. Mutumin da ba ya iya dunƙule hannu sosai, faifai 17. To wa zai kira wannan malalaci?

A nan nake so a buɗe kunne. Mawaƙi mai cin gashin kansa ba shi da albashi. Ƙaramin kamfani ne ke buga masa faifai, shi kuma ya cusa kaya a motar haya, ya bi gari-gari, ya yi wasa gaban mutum ɗari biyu, ya sayar da riga da faifai a bakin ƙofa. A Amurka kuwa, yawancin mutane ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya. Ba ka da wanda ya ɗauke ka aiki, ba ka da inshora, sai dai ka je ka saya da kanka. In ka je saye a wancan zamani, sai a tambaye ka: kana da wata lalura? In ka ce kana da ita, an rufe ƙofa. A sake saurara da kyau: a lokacin, mai lafiya ake sayar wa inshorar lafiya, marar lafiya a ce masa Allah ya ba da haƙuri. Wannan shi ne aikin 'yan kasuwar ciwo. Kamar uwar adashi ce da za ta yi ta karɓar zubi, ranar da kwasa ta zo kanka ta ce ai kai mabukaci ne, ba a ba mabukaci.

'Yan kasuwar ciwo. Mutanen da suka zauna suka lissafa, suka ga ciwon ɗan Adam haja ce mai riba muddin ba a bari mai ciwon ya matso kusa ba.

Yanzu ga abin dariya, in akwai mai ƙarfin halin yin dariyar. Wata mawaƙiya, Victoria Williams, ta kamu da cutar da ke lalata jijiyoyin laka, ita ma ba inshora. Abokan sana'a suka haɗu a 1993 suka rera waƙoƙinta a faifai guda don a tara mata kuɗi, daga nan aka kafa asusun Sweet Relief na taimakon mawaƙa marasa lafiya. A 1996, da aka tashi yin faifai na biyu, waƙoƙin wa aka ɗauko? Na Vic Chesnutt. Madonna ta rera. R.E.M. suka rera. Smashing Pumpkins da Garbage suka rera. Kuɗin ya shiga asusu don a yi wa wasu magani. Aikin alheri ne, ba mai musu. Amma a duba: mutumin da waƙoƙinsa suka tara kuɗin jinyar wasu, shekara 13 bayan nan shi ne yake ɗaga tasa tiyatar. Shi ne wani asibiti ya maka a kotu kan bashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A wannan shekara ta 1996 tauraronsa ya ɗan haska. Ya fito a fim ɗin Sling Blade. Wani babban kamfanin faifai ya ɗauke shi, ya fitar masa da About to Choke, kuma a lokacin ne ya ɗanɗani inshora ta kirki. Faifai ɗaya, ciniki bai kai yadda ake so ba, aka sallame shi. Ya ci gaba da biyan inshorar daga aljihunsa iya wa'adin da doka ta yarda. Da wa'adin ya cika, sai 'yan kasuwar ciwo suka miƙo masa waccan ta dala 500, wadda ba ta san magani ba, ba ta san likita ba. Ka karɓa ko ka bari. Ina zai je? Wa zai ɗauki mutumin da ya karye a wuya?

To, na san inda wasu ke jira na. Za su ce, malam, faɗi gaskiya mana, ai a buge yake ya ja motar. Haka ne. Ya sha giya ya tuƙa, bai taɓa ɓoyewa ba, kuma ya jima yana fama da sha bayan nan. Sai masu hukunci su gyara zama: tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Madalla. To ruwan ai ya doke shi, ya doke shi shekara 26 a kan keke. Ina tambaya, akwai wani asibiti a duniya da aka gina don waɗanda ba su taɓa yin kuskure ba? Ɗan acaɓan da ya yi gudun wuce sa'a, in ya faɗi, barinsa muke yi a bakin kwalta? Mu riƙa tsoron Allah.

Wannan hali kuwa ba sai mun tsallaka teku muke ganinsa ba, nan ma tukunyar ke tafasa. Sau nawa muka buɗe waya muka ga ɗan wasan da muka tashi muna kallo, ko mawaƙin da aka yi bikin gidanmu da waƙarsa, kwance a gadon asibiti ya rame, an ɗora masa kyamara a fuska, an rubuta lambar asusun banki a ƙasa? Sai ka ji ana cewa, ina kuɗin da ya tara lokacin da yake tashe? Wane kuɗi, don Allah? Wanda ka biya? Kai da ka je wurin masu tura waƙa a waya, ka ba da 'yan canji aka loda maka waƙa ɗari, ko sisin kwabo bai kai hannun mai waƙar ba? Kai da ka kwafi fim a ɓagas, ka tura wa abokai goma? Ka ci guminsa shekara ashirin, yau ya faɗi, kai ne kuma alƙali. Ranar da ya rasu kuwa kai ne na farko wajen liƙa hotonsa, ana an yi babban rashi, ba za a maye gurbinsa ba. Ihu bayan hari. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne kyamarar nan. Sai mutum ya tsiraita ciwonsa a gaban duniya kafin a jefa masa abin sayen allura. Mutuncinsa ne kuɗin shiga.

Mu koma ga Chesnutt. Shekarunsa na ƙarshe su ne masu sharhi da dama ke ganin ya fi yin aiki mai nauyi a cikinsu. Ya tafi Montreal a Kanada ya haɗu da makaɗan Silver Mt. Zion da Guy Picciotto na ƙungiyar Fugazi, suka yi North Star Deserter a 2007, suka yi At the Cut a 2009. A cikin na biyun akwai waƙar da in ka ji farkonta za ka rantse ta soyayya ce, ashe da mutuwa yake magana, yana shaida mata cewa bai shirya ba tukuna. Jaridu suka yi ta yabo. Yabo kamar ruwan sama. Takardun bashi kuma suna ta shigowa.

Ba zan yi muku ƙarin gishiri ba. Chesnutt ya daɗe da cutar damuwa, ya faɗa a wannan hira cewa ya sha yunƙurin halaka kansa a baya. Ya rasu ne bayan ya sha magungunan sassauta tsoka fiye da kima, ya shiga doguwar suma. Ba wanda zai ce bashi kaɗai ne sanadi, kuma rai ba abin da mutum zai ɗauka da hannunsa ba ne, duk tsananin ƙunci. Amma mai damuwa magani yake buƙata da likita, su ne kuwa abubuwa biyun da inshorarsa ta ce ba ruwanta. Mutum yana bakin rami, 'yan kasuwar ciwo suna aiko masa da lissafi.

A duba kwanan wata. Ranar 24 ga Disamban 2009, yana kwance a asibiti bai san inda yake ba, majalisar dattawan Amurka ta amince da ƙudirin gyaran tsarin lafiya da ƙuri'a 60 a kan 39. Washegari ya cika. Shugaba Obama ya rattaba hannu a watan Maris na 2010, hanin da aka yi wa kamfanoni na korar manya masu tsohuwar lalura kuma ya fara aiki a 2014. Ashe ana iyawa. Ashe ba ƙaddara ba ce, doka ce, mutane suka rubuta ta, mutane suka goge ta.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Alex Chilton na ƙungiyar Big Star ya rasu a New Orleans a watan Maris na 2010, matarsa ta ce ya ji alamun ciwo kwanaki kafin nan amma bai je asibiti ba, rashin inshora na cikin dalilai. Jason Molina, wani gwanin rubuta waƙa, ya rasu a 2013 yana da shekara 39, bayan danginsa sun fito suna roƙon masoya su taimaka da kuɗin jinya. Wannan fa a ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan lafiya. To ina ga mu, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun marar lafiya yake fitowa?

Saboda haka kirana a fili yake. Ƙungiyoyin mawaƙa da na 'yan fim, ku rage bukukuwan karrama juna, ku buɗe asusun lafiya, kowane mamba ya riƙa zubi tun yana da ƙarfinsa, a kuma riƙa karanta wa mambobi lissafin kuɗin. Tun 2022 doka ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, ku je a ƙungiyance ku yi rajista, ku karanta takardar layi-layi kafin ku sa hannu: tana biyan magani? Tana biyan likita? Tana karɓar wanda ya zo da ciwonsa? In amsar a'a ce, ku tashi, 'yan kasuwar ciwo ne suka canza riga. Masu gidajen biki da masu talla, da mu kanmu gidajen rediyo da muke cika shirye-shirye da waƙoƙin mutane, a biya masu waƙa haƙƙinsu. Kai kuma mai sauraro, in waƙar mutum ta taɓa ɗebe maka kewa, ka saya da kuɗinka yau, yana tsaye da ƙafarsa. Kada ka jira sai an turo maka lambar asusu.