Ya Kamata Jarida Ta Riga Makoki Isowa

Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, mai ɗan jari a kudancin Kaduna ya zama abin farautar masu alkawarin ninka kuɗi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan harkoki, MMM, ta daskarar da asusun jama'a a Disambar 2016. Wata kuma, CBEX, ta rushe a Afrilun 2025, hukumar EFCC ta shiga bincike bayan aikin gama ya gama. Duka biyun, yawancin jaridunmu wajen makoki suka iso, kuma wannan na damunmu ƙwarai.

Tambayar hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ko kamfani yana da rajista aikin yini guda ne. Bin sawun kuɗin, da masu tallata irin wannan harka a Barnawa ko Sabon Tasha, shi ke cin watanni. Yana buƙatar editan da zai biya kuɗin mota, ya kuma tsaya wa wakilinsa ranar da barazana ta zo.