Ƙorafin Iyayen Ɗalibai na Jega, Aliero da Maiyama Kan Tsare Ɗalibin da Ke Iya Gamawa da Wuri

Zuwa ga Mai Girma Ministan Ilimi na Tarayya da Shugaban Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta hannun Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi, Ƙauran Gwandu.

Mun biyo da wannan takarda ta hannun Mai Girma Gwamna ne domin shi malami ne tun kafin mulki, har ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, ya san abin da shekara guda take nufi a rayuwar ɗalibi.

Ranku ya daɗe, mu iyaye ne daga Jega da Aliero da Maiyama. A cikinmu akwai manoman albasa, akwai 'yan kasuwa, akwai malaman firamare da zawarawa masu riƙon marayu. 'Ya'yanmu suna karatu a jami'ar da aka kafa mana a Aliero a 2006, wasu a Birnin Kebbi, wasu a Sakkwato da Zariya da Kano. Kukanmu guda ne: idan jinkiri ya zo daga sama, ɗalibi ne ke ɗaukar asarar, idan kuma shi ya yi himma yana so ya rama lokacin da ya ɓata, sai ƙa'ida ta tare shi, ta kuma ci shi kuɗi.

Mun yi haƙuri, Allah shaida ne. A 2020 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya cinye kusan wata tara. A 2022 aka sake rufe azuzuwa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, a kan yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu tun 2009. Ba mu tare hanya ba, ba mu zagi kowa ba. Samarinmu suka dawo gida, wasu suka koma fadama, wasu suka hau kabu-kabu. Daga cikin 'yan matanmu akwai waɗanda aka aurar a wannan tsakanin, kuma har yau ba su koma aji ba. Lokacin yaƙin neman zaɓen 2023 an faɗa mana cewa karatun shekara huɗu zai riƙa ƙarewa a shekara huɗu. Mun ji daɗin maganar, mun kuma riƙe ta. Amma watannin da suka salwanta, babu wanda ya buɗe wa yaranmu ƙofar da za su maido su.

Abu na farko shi ne ƙa'idar kanta. Mafi ƙarancin abin da ake nema a digirin shekara huɗu yunit 120 ne, ana kuma barin ɗalibi ya ɗauki har 24 a zango guda. Duk mai lissafi zai ga cewa yaro mai kwanya zai iya sauke nauyin kafin zango na takwas. Sai dai dole ya cika zango takwas, kuma kwasa-kwasai da yawa sau ɗaya ake koyar da su a shekara.

Ku ba ni dama in faɗi abin da ya faru a gidana. Ɗana, a wata jami'a da ba zan ambaci sunanta ba, ya zo shekarar ƙarshe da sakamako mai kyau. Ya roƙa a bar shi ya ƙara kwas guda mai yunit biyu a kan iyakar da aka yanke, aka ce ba a yi. Wannan kwas ɗin ne ya riƙe shi shekara guda. Ya biya kuɗin rajista cikakke kamar sabon shiga, ya biya hayar ɗaki na wata goma sha biyu, domin awa biyu a mako. Ni kuwa sai da na buɗe rumbun albasar da na ajiye ina jiran ta yi daraja, na fitar da buhu goma sha ɗaya a lokacin da kasuwa ta cika da ita. Ina tsaye ana lodi a mota, dillali yana ce mini, "Alhaji, da ka ƙara haƙurin wata uku." Na san gaskiya ya faɗa. A wurinmu wannan tara ce, ko da ba a kira ta da wannan suna a takarda ba.

Na biyu, yaranmu da suka biyo ta NCE ko difloma, irin waɗanda suka fito daga kwalejin kiwon lafiya ta Jega, suna shiga aji biyu ne su sake shekara uku ko fiye, suna maimaita abin da suka riga suka ci jarrabawarsa. Da yawa daga cikin 'ya'yan karkara ba sa fara boko da wuri. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama ba ya zuwa hidimar ƙasa, kuma tallan aiki sau da yawa yakan zo da iyakar shekaru.

Na uku, tun da aka fara ba da lamunin karatu na NELFUND a 2024, kowace shekarar da aka ƙara wa ɗalibi bashi ce aka ƙara masa a wuya.

Mun san abin da ake tsoro, kuma tsoron yana da tushe. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Mun goyi bayan wannan mataki, domin ba ma son a ba mu likita ko injiniyan da ya sayi takarda. To amma yaron da ya zauna a aji, malamansa suka gwada shi a gabanku ya ci, me ya haɗa shi da mai sayen takarda? Ita kanta JAMB, da ta tsayar da shekara 16 don shiga jami'a, ta bar ƙofa ga ƙaramin yaron da ya ci maki 320 cikin 400. Idan an yarda da baiwa a ƙofar shiga, muna ganin ya dace a yarda da ita a ƙofar fita. Mu mutanen ƙasar Gwandu ne, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar gadon ilimi. A zaurukanmu, almajirin da ya sauke littafin Ishmawi sai ya wuce na Iziyya, malam ya sa masa albarka, ba a taɓa cewa ya jira abokansa shekara ta zagayo ba.

Saboda haka muna roƙo, cikin ladabi, a ba jami'o'i izinin buɗe gajeren zango a lokacin dogon hutu, ga mai son gaggawa da mai son gyara abin da ya faɗi. A bar ɗalibin da sakamakonsa ya kai wani mizani da ku za ku yanke ya ƙara yunit, da amincewar sashensa. Wanda kwas ɗaya ko biyu suka rage masa ya biya kuɗin abin da zai karanta kawai. Wanda kuma ya cika duk sharuɗɗa kafin lokaci a sallame shi ba tare da ƙarin caji ba, a tura sunansa hidimar ƙasa tare da rukunin da ke gaba. Inda aikin asibiti ko na masana'anta ke buƙatar cikakken lokacinsa, ba mu ce a rage ko kwana ɗaya ba.

Muna fatan samun amsa a rubuce kafin a buɗe rajistar shekarar karatu mai zuwa, domin da yawa daga cikinmu a kanta za su yanke shawarar sayar da abin da suka ajiye ko barinsa a rumbu.

Allah ya ja zamaninku. Wassalam.

A madadin iyayen ɗalibai na Jega, Aliero da Maiyama.