Kada Mu Kai Lambar Kaka Wurin Maƙeri

A makon jiya mahaifin wani ɗalibina ya tare ni a ƙofar makaranta nan Sanam, ya kwance wani ƙullin tsumma, ya miƙo mini ɗan ƙarfe da ya yi baƙi ƙirin. Ya ce, "Mushe, karanta mini wannan rubutun nasara. An ce azurfa ce, har maƙeri ya taya." A adakar mahaifiyarsa ya same ta bayan rasuwarta. Abin da ya sani kawai, ta kakansa ce wanda ya yi soja.

Faɗinta santimita 3. Gefe guda kan mace ne da hular ƙarfe, an rubuta République française. Ɗaya gefen kuwa hoton duniya ne bisa tarin makamai, da kalmomin Médaille coloniale. Lambar yabo ce da Faransa ta ƙirƙiro a 1893 don sojojin da suka yi mata yaƙi a ƙasashen da ta mamaye, aka canza mata suna a 1962. A jikin ragowar ƙyallenta, mai shuɗi da fari, akwai ɗan siririn ƙarfe da aka rubuta Maroc 1925.

Wannan siririn ƙarfen shi ne bakin lambar, shi ke faɗin inda mai ita ya yi yaƙi. A 1925 Faransa na fafatawa da mayaƙan Abdulkarim a duwatsun Rif na Maroko. A wannan shekarar ce kuma harkar Babule ta tashi a Cikal, nan ƙasar Kurfai, har aka kwashi mutanenta aka kulle a Yamai. Ke nan lokacin da wasu kakanninmu ke bijire wa nasara a gida, an kai wani ɗan uwansu bayan hamada yana harbin waɗanda suka bijire masa a can. Na shekara kusan 20 ina koyar da tarihi, ban taɓa riƙe darasi a tafin hannuna kamar ranar ba.

To nawa ta kai? Gaskiya ɗaci gare ta. Azurfa ce, don akwai ɗan hatimin gidan buga kuɗi na Faris a jikinta, mai siffar ƙaho. (Masu gwadawa da maganaɗisu su sani, ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla ma, saboda haka bai isa shaida ba.) Sai dai nauyinta kaɗan ne, kuma an buga irinta da yawan gaske, a Turai ma da wuya ta saya maka buhun hatsi biyu. Shekarar da ke jikin abu kuma takan yaudari mutum: tsohon liyari mai kan sarauniya da iyayenmu mata ke adanawa, duk 1780 aka rubuta a kansa, ko da an buga shi shekara ɗari bayan haka.

Na san masu cewa a narkar da ita, kayan mulkin mallaka ne, tun da sojojin Faransa ma sun bar ƙasar a ƙarshen 2023. Ban yarda ba. Wanda ake bi bashi shi ke son takardar shaida ta ɓace. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsoffin sojojinta na Afirka, ba ta daidaita shi da na 'yan ƙasarta gaba ɗaya ba sai 2011, bayan ƙasa ta rufe idon yawancinsu. In mun mai da lambobin nan zobba da warwaro, da me za mu nuna wa yara cewa abin ya faru a gidajenmu?

Ga wata matsala kuma. Ingila takan buga sunan soja a gefen lambarsa, Faransa ba ta saba yin haka ba. Lambar ita kaɗai bebiya ce, sai an haɗa ta da takardar shaidarta ko littafin soja na mai ita. Don haka iyaye, in kun ga tsohuwar takarda a adaka, kada ku ba yara su ƙunshe ƙuli da ita. Kada kuma a goge lambar da toka ko rairayi, gogewar na cinye zanen. Mu malamai kuwa, aikin gida guda ya isa: kowane yaro ya tambayi tsoffin gidansu wa ya tafi soja, wace shekara, ya dawo ko bai dawo ba.

Ban hana mutumin sayarwa ba. Bana hatsi ya yi tsada, kuma ba ni ke ciyar da gidansa ba. Na roƙe shi dai ya bari mu ɗauki hotonta gaba da baya, ɗansa ya rubuta sunan kakan da na ƙauyensa a littafin aji. Ya ce akwai wata gwaggonsa a Filinge da ke tuna ranar da tsohon ya dawo, zai tambaye ta ko takardun na wurinta. Ya mai da lambar cikin tsumma, ya sa a aljihu.