"Ka gode Allah kana da aiki" ba magani ba ne

Duk ma'aikacin da ya kuskura ya gaya wa maigidansa cewa aiki ya hana shi barci, zuciyarsa kuma kullum a ƙuntace, ya san amsar da zai samu a Kano: "Yi haƙuri, ka gode Allah kana da aikin, mutum nawa ke yawo da takardu?" Wani ma ya ƙara da cewa ciwon damuwa na 'yan boko ne, mai imani ba ya yin sa. Wannan magana zalunci ce, kuma masu yawan faɗinta su ne ke cin ribar shirun ma'aikata.

Ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a tsaye, ta fito da safe tana jiran A Daidaita Sahu zuwa Daurawa da kuɗin motar da ya hau tun cire tallafin mai a 2023, wane haƙuri ne ba ta yi ba? Ko malamin makarantar kuɗi a Tarauni da albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata? Mai hawan jini muna yi masa addu'a, mu kuma kai shi asibiti, ba wanda ya taɓa zargin imaninsa. Me ya sa mai ciwon damuwa kaɗai ake yi wa wa'azi?

Abin takaicin, taimakon yana nan kusa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Tsoro ne ke hana zuwa: a ji labari a ofis, a fara raɗa cewa wane ya kusa asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, ƙarin girma ya wuce shi. Alhali dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta korar mutum daga aiki saboda irin wannan lalura.

Nauyin yana kan masu ɗaukar aiki. Banki ko makaranta ko kamfanin da ke biyan kuɗin maganin zazzaɓin ma'aikatansa zai iya ƙulla yarjejeniya da likita ko mai ba da shawara, ma'aikaci ya je a asirce ba tare da sunansa ya hau teburin manaja ba. A kuma ba shi hutunsa na shekara cikakke, a daina kiransa a waya ƙarfe goma na dare.