Wanda ake fitarwa tun zagayen farko

'Yan'uwa ɗalibai, yau ba zancen jarabawa ko kuɗin makaranta na zo da shi ba. Zancen wasa ne, amma ya hana ni barci.

Tun yajin aikin ASUU na 2022, wancan mai wata takwas, muke haɗuwa a wani zaure a Shadawanka bayan isha'i. Da Whot da ludo muka fara. Matsalar ludo mutum huɗu take ɗauka, mu kuwa wani daren mukan kai goma sha biyu. Sai wani ya kawo mana Mafia. Wanda bai san shi ba: ana raba matsayi a ɓoye, biyu ko uku su zama mafiya, ɗaya likita, ɗaya ɗan sanda, saura mutanen gari. Mai jan wasa ya ce dare ya yi, kowa ya rufe ido, mafiya su buɗe su nuna wanda za su kawar. Gari ya waye, a yi ta musu, a kaɗa ƙuri'a a fitar da wanda ake zargi. Wani ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Mosko, Dmitry Davidoff, shi ya ƙirƙiro shi a 1986. Daren farko da muka buga, wani dattijo maƙwabcinmu sai da ya leƙo, don ya ji ana ta cewa an kashe wane. Mun sha faɗa, kuma da gaskiyarsa, unguwar da ke jikin bariki ba wurin irin wannan ihun ba ce.

To ga abin da ke damuna. Zagaye ɗaya a wajenmu yakan ci kusan minti arba'in. Wanda aka fitar a minti biyar na farko, doka ta ce ya yi shiru har a gama. Ba magana, ba alama, ba ƙuri'a. Ya taso daga Yelwa ko Gwallameji, ya biya kuɗin Keke, ya zo ya zauna yana kallon bango.

Za ku ce ai sa'a ce, yau kai gobe wani. Wallahi ba haka ba ne, ni nake jan wasan, na ga yadda abin yake tafiya. Da dare mafiya suna kawar da mai baki, don suna tsoronsa. Shi wannan ko a jikinsa, har alfahari yake. Amma da rana, a zagayen farko, babu wanda ke da hujja a kan kowa, sai ƙuri'a ta faɗa kan wanda ba zai iya kare kansa ba. Mai kunya, baƙo, wanda in an tsare shi da ido sai harshensa ya harɗe.

Akwai wani ƙanenmu ɗan aji ɗaya, mai ɗan in'ina. Mako uku yana zuwa, kuma kusan kullum shi ne na farko a fita. In aka ce ya kare kansa, kafin ya haɗa jimla wani ya ce kun gani, yana rawar baki, mafiya ne. Sai dariya. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Daren ƙarshe da ya zo, aka fitar da shi, ya zauna a bakin ƙofa yana latsa waya. Da zai tafi ya ce, “Yaya, sai da safe.” Ko ɗagowa ban yi sosai ba, ina tsakiyar ƙirga ƙuri'a. Bai sake zuwa ba.

Ra'ayina shi ne laifin na mai jan wasa ne, ba na masu ƙuri'a ba. Su cin wasa suke nema, haƙƙinsu ne. Kai da kake tsaye kana ganin fuskar kowa, kai ne za ka lura akwai wanda ya daina kasancewa tare da ku alhali yana cikin ɗakin. Masu buga Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, suna da irin wannan matsayi, mutum ɗaya mai riƙe da labari, kuma in jarumin wani ya mutu ko aka kama shi, sau da yawa sai a miƙa masa wani daga cikin mutanen labarin ya ci gaba da bugawa. Ba a barinsa haka nan.

Mun gwada abubuwa. Na farko, muka ajiye katin Whot a gefe don waɗanda aka fitar. Bai yi ba. Zauren ya rabu biyu, hayaniya ta yi yawa, kuma saƙon dai ɗaya ne: ku je can ku ba mu wuri.

Wanda ya yi aiki aro muka yi daga wani wasa mai suna Blood on the Clocktower, na wani ɗan Ostareliya, Steven Medway. A can wanda ya mutu ba ya barin wasa. Yana ci gaba da magana, kuma yana da ƙuri'a guda ɗaya tak da zai kaɗa duk lokacin da ya ga dama har ƙarshe. Mu sai muka ce masa fatalwa. Sharaɗin kawai, fatalwa ma tana rufe ido da dare, in ba haka ba za ta ga mafiya, kuma fuskar wasunmu ba ta iya riƙe sirri. Ku zo ku ga yadda ake lallashin fatalwa a zagayen ƙarshe! Mutumin da dā aka manta da shi, yanzu ana ce masa ranka ya daɗe, ƙuri'arka muke roƙo. Muka ƙara da cewa ba a fitar da kowa a ranar farko, kuma in mutum yana kare kansa minti ɗaya nasa ne, wanda ya katse shi ya rasa ƙuri'arsa.

Akwai masu adawa a cikinmu, kuma maganarsu ba shirme ba ce. Sun ce daɗin Mafia yana cikin tsoron fita, in fita ba ta da zafi to wasan ya zama hira. Na yarda zafin ya ragu kaɗan. Amma zafin nan da suke yabo, ba su ne suke shansa ba. Duk masu wannan ƙorafin, ban tuna ranar da aka fitar da ɗayansu a zagayen farko da rana ba.

Shi ƙanen namu, shekaranjiya na haɗu da shi a Wunti yana jiran mota. Na ba shi haƙuri, na faɗa masa sabuwar dokar, na ce in ya yarda ma shi zai ja wasan ranar Juma'a, don mai jan wasa ba wanda ya isa ya fitar da shi. Ya yi murmushi ya ce, “To Yaya, zan duba.” Na ce wa sauran kowa ya zo da wuri.