GEJIN MOTA BA SHAIDA BA NE

Jama'a, duk wanda ya san hanyar da ta rabu da titin Zariya a Kwanar Dangora, cikin ƙasar Kiru, ta bi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore ta nufi Doguwa, ya san ba hanyar da direba zai shiga da wasa ba ce. A dajin nan sai a yi tafiya mai nisa ba a ga gidan mai ba. Amma sau da yawa za ka tarar da babbar mota shaƙe da masara tana tsaye a can, an kewaye ta da ganye. Ka tambaya, a ce maka mai ne ya ƙare, alhali geji yana nuna da saura.

To, laifin wa? Mai mota ya ce direba ya sayar wa 'yan bumburutu, ya zare kuɗin daga albashinsa. Mu kuwa muka ce a bi sannu. Geji ba komai ba ne illa wani ɗan abu mai yawo a kan man cikin tanki, yana motsa allurar da ke gaban direba. In mota ta kama hawa mai ya koma gefe guda, allura ta yi ƙarya. In abin ya tsufa ya maƙale, ta yi ƙarya. Shan mai kuma ba ɗaya ba ne kullum. Lodi fiye da kima, da taya mai ƙarancin iska, da ramuka, da tsayuwa a shinge inji na aiki, duk suna rage nisan da tanki guda zai kai. Injin gas kuwa in ya ƙafe sai ya ja iska, ba ya tashi sai an fitar da ita.

Akwai kuma mudu na biyu, wato famfon gidan mai. Tun 2003 Gwamnati ta sake farashin gas ga 'yan kasuwa, a farkon 2024 lita ta wuce naira 1,000. In famfo ya tauye lita 1 cikin kowace 10, wanda ya biya kuɗin 200 ya tafi da 180. Wa zai cike 20 ɗin nan? Direba ne, da manomin Doguwa da aka ƙara wa kuɗin buhu, da mai awo a kasuwa.

Ai ba don babu doka ba ne. Akwai ofishin awo da sikeli na Gwamnatin Tarayya, akwai hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa. Muna kira gare su kada aikinsu ya tsaya a birnin Kano. Su zo Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da ma'auninsu, su gwada kowane famfo a gaban jama'a.

Ku kuma masu motoci, ku gyara geji, ku ajiye littafi. A cika tanki, a rubuta kilomita, in an dawo a sake cikawa a raba. Wannan lissafi shi ne shaida. Ku direbobi, ku tsoma sanda a tanki kafin ku bar Tudun Wada, don rigakafi ya fi magani.

Mai tauye mudu a kasuwa sarkin kasuwa yakan kama shi. Don me za a ƙyale mai tauye lita, a kama talaka? Allah Ya sa masu iko su ji.