Ranar da aka toshe tagar rufin Fijo a Lambara

Darasin wannan makon daga gareji muka ɗauko shi, don haka a yi haƙuri da warin baƙin mai.

A hutun da ya wuce mun je gida Lambara, cikin ƙaramar hukumar Shagari. A gindin wani dogonyaro muka tarar yara sun kewaye wata tsohuwar Peugeot 504, wato Fijo. An fitar da kujerun baya, an kwance silin, fanel bita ya hau benci yana ƙwanƙwasa rufin da ɗan yatsa. Mai motar saurayi ne da bai daɗe da gama makaranta ba. Motar ta mahaifinsa ce, ta daɗe a kan duwatsu a bayan gida har kaji sun mayar da ita akurki. Burinsa ya tayar da ita ya shiga tseren motoci, irin wanda ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu.

Kada wani ya yi dariya. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, wani direba ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ove Andersson ya cinye gasar Safari ta Kenya da ita. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya cinye gasar da ƙanwarta mai ƙofa biyu. Motar da muka sani da ɗaukar fasinja da buhunan albasa tsohuwar 'yar tsere ce.

Gardamar da muka tarar a kan tagar rufi ce, wadda makanikai ke kira sanruf. Saurayin yana son a bar masa ita. Dalilinsa biyu: da ita babansa ya sayi motar, kuma idan an yanke an liƙe, an gama ke nan, ba ta dawowa. Akwai dalili na uku da bai faɗa ba amma abokansa suka faɗa masa, wato ranar ɗaurin auren aboki a ga mutum ya ɓullo ta sama yana ɗaga hannu. Shi kuwa ogan garejin cewa ya yi in dai tsere ake nufi, ko tagar ta tafi ko a kai aikin wani wuri.

Mun goyi bayan oga, ga kuma hujja.

Tagar rufi ba murfin da kuke gani kaɗai ba ne. A ƙarƙashinsa akwai firam na ƙarfe, da layukan da murfin ke zamewa a kai, da hannun murɗawa ko ƙaramin injin lantarki, da siraran bututu da ke sauke ruwan sama ta cikin ginshiƙan mota. A ƙaramar mota duka wannan yakan kai kilo 10 zuwa 20, kuma yana zaune ne a wuri mafi tsayi a jikinta.

Waɗanda suka yi fiziks a babbar sakandare sun san cibiyar nauyi, wurin da za a ce dukkan nauyin abu ya tattaru. Idan mota ta shiga kwana, tayoyi na riƙe ta daga ƙasa, jikinta kuma yana neman ya wuce gaba abinsa. Duk yadda cibiyar ta yi sama, haka motar ke ƙara karkata, tayoyin ciki su yi sakayau. Ƙarfin da ke neman fitar da ita daga kwanar kuma ninkin ba ninki yake yi: wanda ya shiga da gudun kilomita 80 ya gamu da ninki huɗu na abin da mai gudun 40 ya gamu da shi.

Ku ɗauko biro mu gwada da alƙaluman misali. Mu ce motar kilo 1,200 ce, cibiyar nauyinta na santimita 55 daga ƙasa. Mu cire kilo 15 da ke santimita 140. A ninka 1,200 da 55, a samu 66,000. A ninka 15 da 140, a samu 2,100. A ɗebe, saura 63,900. A raba da 1,185, amsa ta kusa 54. Wato duk wahalar nan santimita ɗaya ta saukar da cibiyar, kuma farantin da za a liƙa zai cinye wani abu daga ciki. Saurayin da ya ga amsar har ya fara murmushi, yana ganin ya yi nasara.

Sai dai masu tsere da irin wannan santimita ɗaya-ɗaya suke tara nasara. Kamfanin Porsche ya yi wa wasu daga cikin 911 Carrera RS na 1973 jiki da gilashi marasa kauri don rage nauyi. BMW ta yi rufin M3 CSL na 2003 da zaren kabon don a rage nauyin sama. Bayan haka, lissafin nan bai taɓo babban dalilin ba. Motar tsere tana buƙatar kejin bututun ƙarfe a ciki, wanda zai hana rufi danne direba idan ta kife, kuma firam ɗin taga ya tare daidai inda kejin zai bi. Ya kuma cinye sararin da kan direba ke buƙata idan ya sa hular kwano. Murfin da ke zamewa kuwa yana iya ɓallewa a lokacin da mota ke birgima, ya bar rami a saman kan mutum.

Yanzu ku juya lissafin. Wannan motar dai, a ɗora mata buhu biyu na gero, kilo 200, a kan rufi, a tsayin santimita 170. Cibiyar nauyi ta tashi daga 55 zuwa sama da 71. Mai tsere yana kashe kuɗi don ya rage ɗaya, mu kuma a hanyar Sakkwato zuwa Jega, wadda ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal, kullum ranar kasuwa muna ƙara goma sha shida kyauta, wani lokacin har da yaron mota a kan lodin.

Aikin kansa kwana uku ya ci. An fara cire kan batir. Aka kwance kusoshin firam, mutum biyu suka tallabe shi aka zaro ta ƙofa. Nan muka ga abin da ya ba mu tausayi: ƙurar hunturu ta shekaru ta toshe bututun ruwan, ruwan damina ya riƙa kwanciya, tsatsa ta ci bakin ramin har ɗan yatsa na huda shi. Ganin haka ne ya sa saurayin ya yi shiru.

Wani yaron gareji ya kawo shawarar a mayar da murfin a cika gefensa da fila a fesa fenti. Oga ya harare shi. Fila ba ta riƙe ƙarfe biyu masu motsi. Zafin watan Afrilu na ƙasar Sakkwato da girgizar hanya sai su tsaga ta kafin damina. Abin da aka yi shi ne, aka aika Sakkwato wajen masu kayan gwangwan aka yanko yanki daga rufin wata matacciyar 504, domin rufi ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan doro, kuma farantin da bai zo da wannan doron ba sai ya yi kwari ruwa ya zauna.

Wurin waldar ne muka fi daɗewa a tsaye. Ƙarfen rufi bai kai kaurin milimita ɗaya ba. Idan aka ja wuta a kansa a miƙe, zafi zai sa ya lanƙwashe ya yi tudu da kwari, babu gudumar da za ta mayar da shi daidai. Don haka oga ɗigo-ɗigo ya riƙa yi: ya ɗiga a gaba, ya koma baya, ya tsallaka hagu, ya jira ya huce, ya shafa da tafin hannu, sannan ya sake. Yaran da suka zo kallon tartsatsi duk suka gaji suka watse. Daga ciki kuma ya gitta sandar ƙarfe a inda firam yake a da, don kada rufin ya riƙa kaɗawa kamar ganga.

Da aka gama, kafin a shafa fila ko fenti, ya sa aka kawo jarka biyu na ruwa aka kwarara a kai, saurayin yana zaune a ciki da tocila. Ɗigo ɗaya ya fito ta kusurwar dama ta baya, aka bushe wurin aka sake ɗiga walda.

Murfin da aka cire bai tafi wajen 'yan gwangwan ba. Saurayin ya goge shi ya kai ɗakin mahaifiyarsa.

Aikin gida na wannan makon: ku ɗauki motar nan mai kilo 1,200, ku tsayar da saurayi mai kilo 60 a kan kujera, rabin jikinsa a waje ta tagar rufi, cibiyar nauyinsa na santimita 150 daga ƙasa. Ku lissafa inda cibiyar nauyin motar ta koma, ku nuna wa malaminku na fiziks. Za mu kawo amsar a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.